Yadda Ake Karanta Kundin Labaran Zane a Legas, Daga Saye Har Zuwa Adanawa

Tun ranar da aka gan ni riƙe da wani kundin labaran zane a majalisarmu ta Agege, bayan sallar la'asar, tambaya ba ta yanke ba. Wani ya ce a ina ake sayarwa, wani ya ce ta ina ake fara karanta shafin, wani kuma ya ara ya dawo da shi cikin minti ashirin yana cewa ya gama amma bai ga kan labarin ba. Ɗan yayata ma ya tare ni da cewa, "Kawu, wannan ai katun ne, me babba zai tsinta a ciki?" Na ga gara in tattara amsar wuri guda, mataki bayan mataki, yadda ni kaina nake yi.

Abin da nake nufi da kundi shi ne littafi guda da ya tara gajerun labaran zane, wato komik, na mutane daban-daban. Kowane labari da mai rubuta shi da mai zana shi. Waɗanda zan yi magana a kansu kuma su ne na masu cin gashin kansu, waɗanda ke bugawa da aljihunsu ko da karo-karo, ba na manyan kamfanonin Amurka irin Marvel da DC ba.

1. San abin da kake nema

Kafin ka fita, ka bambanta abu uku, domin a kan teburin mai sayarwa duk kama suke yi. Akwai siririn littafi mai ƙusar takarda a tsakiya, wanda yawanci babi ɗaya ne na dogon labari. Akwai mai kauri da ke ɗauke da labari ɗaya daga farko har ƙarshe. Sannan akwai kundi. Alamar kundi ita ce jerin sunaye masu yawa a bango ko a shafin farko, da shafin da ya jera labaran da lambar shafin kowanne. Idan ka buɗe tsakiya ka ga zanen ya sha bamban da na farko, kamar hannu ya canja, to kundi ne a hannunka.

Ga mai farawa, kundi ya fi. Da kuɗin littafi ɗaya za ka ɗanɗana hannun mutum shida ko goma, ka gane wanda ya kwanta maka.

Hattara: wasu kundaye suna ɗauke da babin farko ne kawai na labarai masu ci gaba. Duba shafin ƙarshe na labari biyu ko uku. In kowanne ya ƙare da alƙawarin za a ci gaba, ka sani ƙofa ka saya, ba ɗaki ba. Tambayi mai sayarwa ko kashi na biyu ya fito.

2. Ɗanɗana a waya tukuna

Kada ka fara da kashe kuɗi. Comic Republic, kamfanin da Jide Martin ya kafa a nan Legas a 2013, ya yi suna ne da sakin labaransa kyauta a intanet. Manhajar Webtoon ma cike take da labaran da ba a biya. Ka yi mako guda kana karanta irin waɗannan a cikin BRT ko da dare, don idonka ya saba da bin akwatunan zane, wato gida-gidan da ake raba shafi da su. Sannan ka nemi sunan kamfanin Kugali, waɗanda suka haɗa kundin da ya tara masu zane daga ƙasashen Afirka daban-daban, kafin su fitar da fim ɗin zane mai kashi-kashi na Iwájú tare da Disney a 2024, wanda labarinsa a Legas ta nan gaba yake faruwa. Ganin samfurin shafukan kundinsu zai nuna maka irin abin da ake nufi.

Hattara: zane na cin data. Sauke abin da za a iya saukewa lokacin da kake da wadatacciyar data, kada ka dinga buɗe shafi ɗaya sau biyar. Kuma labaran Webtoon daga sama zuwa ƙasa ake jan su da yatsa, ba su koya maka karatun shafin takarda gaba ɗaya.

3. Inda ake samu

Wuri mafi albarka shi ne Lagos Comic Con, taron da Ayodele Elegba ya fara a 2012, ana yin sa duk shekara, yawanci wajen watan Satumba. A nan ne masu zane ke kasa kayansu da kansu, kuma kundayen da ba za ka taɓa gani a shago ba nan suke fitowa, saboda da yawansu kwafi kaɗan ake bugawa, in sun ƙare sun ƙare. Je da safe. Da rana ta take, cunkoso ba zai bar ka ka tsaya ka buɗe littafi ba. Ka fara zagaye teburan duka ba tare da ka sayi komai ba, ka riƙe uku da suka ja hankalinka, sannan ka dawo. Ƙananan teburan da ke gefe, inda yaro ko yarinya ke zaune da kwafi ashirin a gabansu, su ne na fi daɗewa a kai. Akwai kuma bikin littattafai da ake yi a Freedom Park cikin Nuwamba, shi ma ya cancanci leƙawa.

Sauran watannin shekara, shagunan littattafai ne: Jazzhole a titin Awolowo da ke Ikoyi, shagon Terra Kulture a Victoria Island, Roving Heights, da Ouida a Ikeja. Tura musu saƙo ko ka kira kafin ka tashi, ka tambaya ko suna da komik na 'yan gida. Daga Agege zuwa tsibiri ba tafiyar da za a yi a kan wataƙila ba ce. Masu kasa tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba kuwa, wurin tsintar kundayen waje ne da araha, amma sai mai haƙurin tono. Jirgin ƙasa na jan layi, wato Red Line, yana tsayawa a Agege yana tsayawa a Yaba, ka tanadi katin Cowry da ake biyan kuɗin jirgin da shi.

Hanya ta uku ita ce kai tsaye daga hannun mai zanen ta Instagram ko X. Da yawa suna sayar da PDF ta Selar, wani shafin saye da sayarwa a intanet, ko su aiko maka da na takarda ta hannun ɗan babur.

Hattara: kafin ka tura kuɗi, tabbatar shafin na mai zanen ne da gaske, wanda ya daɗe yana sa aikinsa, kuma ku yi magana a kan kuɗin kawowa tun farko. Wani lokacin kuɗin babur daga Lekki ya kusa kamo kuɗin littafin.

4. Duba littafin kafin ka biya

Minti biyu sun isa. Buɗe tsakiya ka ɗan lanƙwasa: in gam ne aka sa kuma ka ji yana ƙara ko ka ga takarda na neman zamewa, ɗauki wani kwafin. In ƙusa ce, duba ko ta yi tsatsa. Ɗaga shafi ɗaya ka kalli haske, in zanen baya yana leƙowa sosai, takardar ta yi siriri. Bi lambobin shafi da sauri, don wajen haɗawa a maɗaba'a akan tsallake shafi ko a maimaita shi. Goga yatsa a wurin da baƙi ya yi yawa ka ga ko tawada na tashi. A ƙarshe ka duba rubutun da ke cikin kumfar magana, wato da'irar da ake rubuta maganar mutanen labarin a ciki, ko idonka zai iya karanta shi ba tare da wahala ba. Shafin da aka zana don babbar takarda, sannan aka matse shi zuwa ƙarama don rage kuɗin bugu, rubutunsa kan zama kamar tururuwa.

Hattara, kuma wannan ta fi duka: zane ba ya nufin na yara ne. Kundi ɗaya zai iya haɗa labarin ban dariya da labarin da ke da jini, tsiraici, ko bautar gumaka da tsafi, tunda masu zanen kudu da yawa daga tatsuniyoyin gargajiyarsu suke ɗebo labari. In gida za ka kai shi, inda yara ke ɗaukar duk abin da suka gani, bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da kanka. Tambayi mai sayarwa kai tsaye, "Na 'yan shekara nawa ne?" Masu gaskiya a cikinsu za su faɗa maka, wasu ma suna rubutawa a bango.

5. Lissafin kuɗi

Abu uku ke sa farashi: launi, kauri, da inda aka buga. Mai launi ya fi baƙi da fari tsada nesa ba kusa ba. Wanda aka buga a Shomolu, unguwar maɗaba'u a nan Legas, ya fi wanda aka shigo da shi sauƙi, don na waje da dala yake tafiya, ga kuɗin jirgi. PDF shi ne mafi araha. Ranar taro kuma ka sa kuɗin shiga, kuɗin mota da na abinci a lissafi, kada duk abin da ka tanada ya ƙare kafin ka isa tebur. Riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don sabis kan yi nauyi a wurin da mutane suka taru.

Abin da ya fi yi mana aiki shi ne adashi. Mu biyar ne. Kowa na zuba abu kaɗan a wata, wanda kwasa ta zo kansa ya sayo kundi, ya fara karantawa, sannan ya zagaya, ya dawo ya zauna a hannunsa. Duk wanda ya tashi a Kano ya san shagunan hayar littattafan soyayya, inda littafi ɗaya ke ratsa gida ashirin. Dabarar ɗaya ce.

Kada ka yi ciniki da mai zane irin cinikin tumatir a Mile 12. Wanda ya buga kwafi kaɗan kowane kwafi tsada yake faɗo masa, kuma ribar da ke kai a raba ta tsakanin duk waɗanda sunansu ke bango. In kuɗinka bai kai ba, ce masa bai kai ba, ka tambayi PDF. PDF ɗin da ka saya kuma kada ka watsa shi a WhatsApp. Kundi na biyu da kuɗin na farko ake buga shi, in bai dawo da kuɗinsa ba, shi ke nan an rufe.

6. Ta ina ake fara shafi

Shafi a rarrabe yake gida-gida, ni akwati nake ce musu. A komik ɗin Nijeriya, Turai da Amurka, daga akwatin sama na hagu ake farawa, a tafi dama, a sauko layi na gaba, kamar karatun boko. A cikin akwati kuma, kumfar maganar da ta fi sama ita ce farko, in suna daidai da juna ta hagu ce. Jelar kumfar tana nuna mai magana. Kumfa mai kama da gajimare, da 'yan ƙwallaye a madadin jela, tunani ne a zuci. Mai baki kamar zarto ihu ne, ko muryar rediyo da waya. Mai ɗigo-ɗigo raɗa ce. Rubutun da ke cikin ɗan murabba'i a kusurwa muryar mai ba da labari ce, ko sanarwar wuri da lokaci.

Manga, wato komik ɗin Japan, daga dama ake fara shi zuwa hagu, littafin ma ta bayansa ake buɗewa. Wanda ya yi makarantar allo ko yake karanta ajami ba zai sha wahala ba, hannunsa ya riga ya saba.

Hattara: masu zanen Legas da yawa da manga suka tashi, zanensu kama yake da na Japan, amma daga hagu suke jera akwatunansu. Kada kamannin fuska su ruɗe ka. In ka karanta akwati uku ka ga amsa na zuwa kafin tambaya, ka juya hanya. Kuma in dogon akwati ɗaya ya tsaya a dama, gajeru biyu suna jere a hagunsa ɗaya kan ɗaya, gama gajerun biyu kafin ka tsallaka.

7. Karanta kowane labari sau uku

Nan ne wanda ya dawo mini da littafi cikin minti ashirin ya yi kuskure. Rubutun kawai ya bi, daga kumfa zuwa kumfa, ya bar zanen kamar ado ne. Alhali a komik rabin maganar, wani lokacin ma fiye, ba a rubuce take ba. Mai zane zai sa mace ta ce "ba komai", amma ya zana hannunta ya damƙe bakin mayafi. In kumfar kaɗai ka karanta, ka ji ƙarya ka wuce gaskiya.

Karatun farko, bi labarin yadda ya zo, kada ka tsaya. So kake ka san wa ya yi me.

Karatu na biyu, kawar da idonka daga rubutun gaba ɗaya, in ya kama ka sa yatsa ka danne kumfar. Kalli fuska, hannu, inda ido ke kallo, abin da ke bayan mutane. A labaran da aka gina a Legas, a bayan nan ake ɓoye rabin daɗin: rubutun jikin danfo, wayoyin wuta da suka sarƙe, mai shayi a kusurwa da tulin burodinsa, ruwan da ya kwanta a kwata. Kalli girman akwatunan. Ƙanana da yawa a jere suna sa lokaci gudu, kamar kiɗan da aka ƙara wa sauri. Babban akwati da ya cinye rabin shafi cewa yake ka dakata a nan. Akwatin da ba magana a ciki ba fanko ba ne, shiru ne, kuma shirun yana da tsawo. Ba shi daƙiƙa uku ko huɗu kamar yadda mai tatsuniya ke yin shiru kafin ya faɗi abin da kura ta gani.

Sai ɗan farin layin da ke raba akwati da akwati, wanda nake kira lungu. A akwatin farko an ɗaga sanda, a na biyu tulu ya fashe a ƙasa. Ba a zana dukan ba, kai ne ka yi shi a cikin kanka, a cikin lungun nan. Mai zanen da ya ƙware ya san abin da zai bar maka. In ka ji labari ya yi tsalle ka rasa inda aka kwana, koma ka tambayi kanka me ya faru a lungu: minti ɗaya ne ya wuce, ko shekara goma? Sau da yawa canjin launi, ko tsawon gemu, ko inuwar rana ne ke ba da amsa.

Karatu na uku, haɗa su biyun, a hankali, kuma ka lura da akwatin ƙarshe na shafin dama. A nan ake ɗana tarko, don abin mamakin yana bayan takardar, sai ka juya. Saboda haka kada ka dinga fifita shafuka kana leƙen gaba kafin ka fara, ban da dubawar da na ambata saboda yara.

Hattara ga masu karatu a waya: in ka zuƙo akwati ɗaya ya cika fuskar wayar, ba ka ganin tsarin shafin. Fara kallon shafin gaba ɗayansa, sannan ka zuƙo. Shafi biyu da aka zana su zama hoto ɗaya kuma, sai ka kwantar da wayar.

8. Kada ka cinye kundin a zama ɗaya

Labari biyu a zama ya isa. Kowane mai zane da muryarsa, in ka jera shida a jere sai su cakuɗe, na ƙarshe ya biya bashin gajiyarka. Ba dole ne ka bi jerin da aka yi ba, amma na farko da na ƙarshe ka ba su kulawa, masu haɗa kundi sukan ajiye waɗanda suka fi yarda da su a nan.

Za ka haɗu da labarin da bai yi maka ba. Haka kundi yake, kuma ba asara ba ce. Ba shi shafi uku. In har yanzu ba ka ji komai ba, tsallake, ka dawo bayan mako guda. Zanen da na ƙi da farko saboda ya yi kama da zanen gawayi a bango, daga baya shi ne na fi komawa, don mai shi ya san inda zai sa baƙi da inda zai bar fari. Kyan zane daban, iya ba da labari da zane daban. Akwai mai zanen da kowane akwatinsa ya isa a rataye a falo, amma ba ka gane wa ya shigo wa ya fita.

Ajiye ƙaramin littafin rubutu. Bayan kowane labari rubuta sunan marubuci, sunan mai zane, da layi ɗaya na abin da ya tsaya maka a rai. Duba shafin sunaye da kyau, don wani lokacin mai zanen fensir daban, mai bi da tawada daban, mai launi daban, mai rubuta haruffa daban. Wataƙila abin da ya burge ka aikin mai launi ne.

9. In harshe ya tare ka

Yawancinsu da Turanci ne ko Pidgin, da ɗan Yarbanci ko Ibo a tsakani. Kada ka tsaya neman ma'anar kowace kalma a karatun farko, zanen zai ɗauke ka. Sa alama da fensir mai laushi a gefe, in ka gama ka tambayi maƙwabci. Manyan haruffan da ke warwatse a cikin zane ba kalmomi ba ne, ƙara ce: faɗuwa, harbi, ƙarar birki. In kana karanta wa yara ko wata dattijuwa a gida, fassara maganar da Hausa, ƙarar kuma ka mayar da ita tamu, tim, fau, ƙiii, ka bar su su kalli zanen kafin ka juya.

10. Adanawa

Legas ba Kano ba ce. Can ƙura ce abokiyar gaba, nan laima. Littafin da ka bari a ƙasa ko jingine da bango cikin damina, kafin wata biyu ya yi fumfuna, shafukansa masu sheƙi su manne da juna, ƙusarsa ta yi tsatsa ta ɓata tsakiya. Samo robar ajiya mai murfi, ka sa kowane kundi a ledarsa, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ɗora robar a saman kabad, nesa da taga da bangon banɗaki. In unguwarku ruwa na shiga gidaje, wannan ba shawara ba ce kawai, dole ce. Duk wata ka buɗe su sha iska a inuwa, ka duba ko gara ko kyankyaso sun leƙa.

Hattara: kada ka shanya a rana, launi zai kwashe, bango ya kanannaɗe. Kada ka liƙa salatif a shafin da ya yage, da daɗewa yakan bar tabo ruwan ƙasa. In ruwa ya taɓa littafi, sa farar takarda tsakanin shafukan nan take, ka danne da abu mai nauyi, kana canja takardar.

11. Bi sunayen da ka rubuta

Bayan kundi biyu ko uku, za ka ga suna ɗaya ko biyu suna maimaituwa a littafin rubutunka. Nemo su a Instagram, ka ga abin da suke aiki a kai, ka tambaya ko suna da littafi nasu na kansu. Daga nan ne ake wucewa zuwa dogayen labarai, irin Malika na Roye Okupe, wanda ya ɗauko hasken tauraruwarsa daga Sarauniya Amina ta Zazzau.

In ka sake haɗuwa da mai zanen a taro, tafi da kwafinka ya sa maka hannu, ka faɗa masa takamaiman shafin da ya tsaya maka da dalili. In ka ga ya zana Bahaushe ya sa masa hular da ba tamu ba, ko ya rubuta Hausar da ta karkace a kumfa, gaya masa cikin mutunci, ka rubuta masa daidai a takarda, ka bar masa hanyar da zai same ka in zai sake zana mutanenmu a kundi na gaba.